Yadda rubutun gefen littafi ya buɗe tsohon harshen Ailan

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin harsuna, ina aji uku. A darasin tarihin kimiyyar harshe an ce mana wani Bajamushe mai suna Zeuss ne ya kafa nazarin harsunan Keltik a 1853, kuma da littattafan da ke Jamus da Italiya ya yi aikin, ba na ƙasar Ailan ba. Abin ya ɗaure mini kai. Su mutanen Ailan ba su da malamai ne? Me baƙo ya gani wanda 'yan gida ba su gani ba? Kuma me ya kai littattafansu can?"

Wa alaikumus salam, ɗalibi, Allah ya yi albarka. Abin da aka gaya muku a aji gaskiya ne, sai dai an gajarta shi har ya zama kamar mutanen Ailan sun naɗe hannu ne sai da baƙo ya zo ya koya musu harshensu. Ba haka aka yi ba. Tambayarka kashi uku ce: ko 'yan gida suna da malamai, me Zeuss ya riƙe wanda su ba su riƙe ba, da abin da ya kai littattafan Ailan tsakiyar Turai. Amsar ta ukun ita ce mabuɗin sauran biyun, amma bari mu bi ta hanya. Kafin nan ka san matsayina. Fannina tarihin harsuna ne da kwatanta su, kuma a kan harsunan Cadi na fi yin aiki. Tsohon Ailanci a aji na karance shi, da nahawu da ƙamus a gabana, ba na magana da Ailancin yau. Don haka abin da zan ba ka labarin hanyar bincike ne, wadda ita ce sana'ata.

Harsunan Keltik da suka kawo 'yan ƙarnukan nan shida ne, a ɗaki biyu. A ɗaki na farko akwai Ailanci, wanda masu shi ke kira Gaeilge, da Gelik na Sikotlan, da Manks na tsibirin Man. A na biyu akwai harshen Wels, da Kornish na kudu maso yammacin Ingila, da Bireton na arewa maso yammacin Faransa. Kafin Rumawa su yi ƙarfi, dangin waɗannan harsuna sun bazu daga Sifen har tsakiyar Turkiyya ta yau, kuma Galatiyawan da Bulus ya rubuta wa wasiƙa jikokin Keltawa ne. Waɗancan tsofaffin na cikin nahiyar duk sun mutu, sai sunayen garuruwa da na mutane da 'yan rubuce-rubuce a jikin dutse da ƙarfe. Ɗan Ailan na shekara dubu da ta wuce bai taɓa kiran kansa Bakelte ba. Masana ne suka ɗinke wannan zumunci daga baya.

'Yan gida ba su yi barci ba

Mutanen Ailan suna cikin na farko a Turai da suka zauna suka yi nahawun harshen uwarsu. Akwai littafi mai suna Auraicept na n-Éces, wanda tushensa ya koma wajen ƙarni na 7 zuwa na 8, yana bayanin haruffa da jinsi da ƙirar kalmomin Ailanci, yana kuma gwada su da na Latin ba tare da jin ƙasƙanci ba. A cikinsa ne aka ce wani sarki malami, Fénius Farsaid, ya tsinto mafi kyawun kowane harshe bayan rugujewar hasumiyar Babila ya haɗa Ailanci. Akwai ƙamus ɗin tsofaffin kalmomi da ake jingina wa Cormac, sarki kuma bishop, wanda ya rasu a 908. Daga baya makarantun mawaƙan fada sun riƙe harshen adabi da ƙa'idoji masu tsauri na ɗaruruwan shekaru, ɗalibi yana shafe shekaru yana haddar awon baiti da karɓaɓɓun siffofin kalma.

Abin da ya karya wannan gini siyasa ce. An ci sarakunan gargajiya da yaƙi a Kinsale a 1601, manyansu suka fice daga ƙasar a 1607, mawaƙa da malamai suka rasa masu ɗaukar nauyinsu. Duk da haka ba su saki alƙalami ba. Mícheál Ó Cléirigh da abokansa sun tattara tarihin ƙasar tsakanin 1632 da 1636, shi ma ya buga ƙamus na kalmomi masu wuya a Louvain a 1643. A zamanin Zeuss kansa akwai mutum biyu da babu kamarsu wajen sanin rubutun hannu: John O'Donovan, wanda ya buga nahawun Ailanci a 1845, da Eugene O'Curry, wanda ya tashi da harshen a bakinsa ya kuma ƙare rayuwarsa yana kwafar littattafai. Su biyun 'yan mata 'yan gida ɗaya suka aura, kuma su aka ɗora wa kwafe da fassara tsofaffin dokokin ƙasar daga 1852.

To ina matsalar? Matsalar tana cikin littattafan da ke hannunsu. Manyan kundayen da aka rubuta da Ailanci waɗanda suka tsira a ƙasar, mafi tsufansu na wajen shekarar 1100 ne, wato Lebor na hUidre, sai Littafin Leinster na wajen 1160. Labaran da ke ciki sun girmi kundayen da ɗaruruwan shekaru, amma sun bi ta hannun masu kwafa da yawa, kuma mai kwafa da ke jin harshe ba ya barin abin da ya ga kamar kuskure ne. Idan ya ci karo da tsohuwar siffar aikatau da kunnensa bai saba da ita ba, sai ya mayar da ita yadda ake faɗa a zamaninsa, wani wurin kuma ya bar ta. Haka shafi ɗaya ke fitowa da harshen ƙarni uku ko huɗu a cakuɗe. Na ga irin wannan da idona a kwafi biyu na waƙar wa'azi ɗaya ta ajami: wanda aka kwafa a ƙasar Sakkwato ya rubuta "zamna", na Kano ya rubuta "zauna" a baiti ɗaya, kowannensu yana ganin ya kwafa daidai. O'Curry yana iya gaya maka ma'anar jimla da kusan babu mai iya warware ta, amma ba shi da ma'aunin da zai ce wannan siffa ta ƙarni na 8 ce, waccan ta na 12.

Kama da wane ba ta wane

A waje ɗaya kuma, masu neman asalin harsunan sun daɗe suna dawurwura. Wani malamin coci ɗan Bireton, Paul-Yves Pezron, ya rubuta a 1703 cewa Keltawa zuriyar Gomer ne, jikan Annabi Nuhu. Wani hafsan sojan Ingila a Ailan, Charles Vallancey, ya buga a 1772 cewa Ailanci ɗan'uwan harshen Finikiyawan Kartaj ne, tsohon birni a arewacin Afirka. Hujjarsa wasu layuka ne na harshen Kartaj a cikin wani tsohon wasan kwaikwayo na Latin, waɗanda ya yayyanka yadda ya so har suka yi kama da kalmomin Ailanci. Wannan hanya ba ta da wuya, shi ya sa har yau ba ta mutu ba. Ka ɗauko kalma biyu masu kama a kunne, ka matse ma'anarsu har su haɗu, ka ce ka gano dangantaka. Duk shekara sai ɗalibi ya kawo mini irin wannan jeri tsakanin Hausa da wani harshe na nesa, kuma ba na raina ƙwazonsa, sai dai in nuna masa cewa da wannan hanya babu harshe biyu a duniya da ba za a iya haɗa su ba.

Mutum ɗaya ya bambanta a wancan zamani, kuma ina ganin ba a ba shi haƙƙinsa a azuzuwanmu. Edward Lhuyd ɗan Wels ne, mai kula da gidan tarihi na Ashmolean a Oxford. Daga 1697 zuwa 1701 ya zaga Wels da Ailan da Sikotlan da Kornwal da Biritani ta Faransa, yana tambayar manoma da masunta sunayen abubuwa yana rubutawa, har aka tsare shi a Faransa bisa zargin leƙen asiri. Ya buga sakamakon a 1707 cikin Archaeologia Britannica. Abin da ya lura da shi ba kamanni ba ne, bambanci ne mai maimaita kansa. Inda Ailanci ke da sautin k, wanda suke rubutawa da c, harshen Wels yana da p. Kai a Ailanci ceann ne, a Wels pen. Huɗu ceathair ne, can pedwar. Biyar cúig, can pump. Ɗa mac, can a tsohon rubutu map. A kunne cúig da pump ba su yi kama ko kaɗan ba, amma ƙa'ida ɗaya ce ta raba su, kuma ƙa'idar ita ce shaidar cewa uwa ɗaya ta haife su. Ka tuna dokar Klingenheben da aka koya muku, ta yadda baƙin ƙarshen gaɓa ke komawa u a Hausa: sabka da sauka, abduga da auduga, amre da aure. Idan canji ya bi layi haka, ba katari ba ne. Lhuyd ya rasu a 1709 bai kai shekara 50 ba, juzu'i ɗaya kawai ya fito, aka yi fiye da shekara ɗari ba a ɗora a kan aikinsa yadda ya kamata ba.

Baƙin farko mai sauya kama

Da kimiyyar kwatanta harsuna ta tashi bayan jawabin William Jones a Kalkata a 1786, an yi jinkirin karɓar Keltik cikin gidan Indo-Turai, wato dangin da ya haɗa Latin da Girkanci da Sanskirit, tsohon harshen Indiya. Shi Jones ya ambace shi, amma da shakka, yana ganin ya gauraya da wani harshe dabam. Babban abin da ya tsaya wa masana a wuya shi ne a waɗannan harsuna farkon kalma yana canzawa. A Ailancin yau aboki cara ne. Abokinsa a chara, abokinta a cara, abokinsu a gcara, ana furta shi da g. Ƙaramar kalmar a ɗaya ce a ido, amma tana yi wa abin da ke binta aiki iri uku. Latin ba ya haka, Girkanci ba ya haka, Sanskirit ma ba a san shi da wannan tsari ba. Kai da ka taso kusa da Fulani abin ba zai zama maka baƙo ba: Pullo da Fulɓe, gorko da worɓe, debbo da rewɓe. Amma ka kiyaye, Fulatanci da Ailanci ba su haɗa komai ba, kowanne ta hanyarsa ya iso nan.

James Cowles Prichard a 1831 da Adolphe Pictet a 1837 sun kawo hujjoji daga kalmomi da ƙirar aikatau. Wanda ya kwance ƙullin shi ne Franz Bopp, a laccar da ya gabatar a Berlin a 1838. Ya duba Sanskirit ya ga "nasa" asya ne, yana ƙarewa da wasali, "nata" asyas ne, yana ƙarewa da s, "nasu" kuma esham, yana ƙarewa da ɗan hanci, wato m. Sai ya ce a ɗin nan uku ne asali, ba ɗaya ba. Wanda ya ƙare da wasali ya sassauta baƙin da ke binsa, wanda ya ƙare da s ya bar shi yadda yake, wanda ya ƙare da ɗan hanci ya yi masa naso. Daga baya ƙarshen kalmomin ya zube, tabon da ya bari a goshin maƙwabciyarsa ya zauna.

Ga yadda nake nuna wa ɗalibai wannan a allo. Muna rubuta "rigar Musa" da "rigar Sani", amma a bakin mutane da yawa "rigam Musa" da "rigas Sani" ake ji. A ce nan da shekara 500 babu wanda ya tuna an taɓa samun r a wurin, mai nahawun lokacin zai rubuta cewa bayan sunan mace baƙin farko na kalma yana ninkuwa, ya kasa faɗin dalili. Kusan haka ya faru a Ailanci, inda ake cewa fear mór, babban mutum, amma bean mhór, babbar mace, domin sunayen mata a da da wasali suke ƙarewa. Abin da aka ɗauka shaidar baƙunta sai ya zama shi ne shaidar gado.

Abin da Zeuss ya je ya ɗauko

Bopp da Ailancin baya-bayan nan ya yi aiki, daga ƙamusoshin da ba su da tabbas. Ana bukatar wanda zai samo harshen a mafi tsufan yanayinsa. Johann Kaspar Zeuss ɗan magini ne, an haife shi a 1806 a ƙauyen Vogtendorf kusa da Kronach a Bavariya, shekara ɗaya da O'Donovan. Malamin tarihi ne. Littafinsa na 1837 a kan ƙabilun Jamus na dā da maƙwabtansu shi ya jefa shi cikin sunayen Keltawa, a lokacin da wasu ke ta cewa mutanen Bavariya jikokin Keltawa ne ba tare da sun san harshen Keltik ko ɗaya ba. Ya ga ba za a iya yanke hukunci a kan suna ba sai an san nahawun harshen da ya haife shi. Tun farkon shekarun 1840, yana koyarwa a Speyer, ya riƙa amfani da hutunsa yana bin ɗakunan karatu yana kwafa da hannu.

Yanzu ga amsar tambayarka ta uku. Daga ƙarshen ƙarni na 6, sufayen Kirista na Ailan sun ɗauki barin gida saboda Allah a matsayin babbar ibada. Columbanus ya kafa gidan sufaye a Luxeuil ta Faransa, sannan a Bobbio ta arewacin Italiya inda ya rasu a 615. Abokin tafiyarsa Gallus ya tsaya a ƙasar Suwizalan ta yau, garin St Gallen sunansa ya ci. Wani ɗan Ailan mai wa'azi, Kilian, an kashe shi a Würzburg wajen 689. Bayansu malamai da ɗalibai sun yi ta bin wannan hanya da littattafai a jakunkunansu, musamman da hare-haren Baikin, mayaƙan teku na arewacin Turai, suka fara addabar Ailan daga 795. Littattafan da Latin aka rubuta su, domin shi ne harshen addini da ilimi. Amma malami mai karantarwa da ɗalibi mai ɗaukar karatu Ailanci suke ji, don haka sukan rubuta fassarar kalma ko ɗan bayani da harshensu, da ƙananan haruffa, a tsakanin layuka da gefen shafi. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san wannan. Matani na Larabci, a ƙarƙashin kalma mai wuya kuma an ɗan saƙala ma'anarta da ajami, ga hashiya ta zagaye shafi.

Uku ne manyan rumbunan. A Würzburg akwai wasiƙun Bulus da hashiya wajen 3,500, mafi yawanta ta tsakiyar ƙarni na 8. A Milan akwai sharhin Zabura da aka ɗauko daga Bobbio, da hashiya sama da 8,000, ta wajen shekarar 800, mai kwafarsa ya sa sunansa Diarmait. A St Gallen akwai nahawun Latin na Priscian, na wajen 850, da hashiya sama da 9,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku da Ailanci. Akwai ƙanana a Karlsruhe da Turin da wasu wurare.

Darajar wannan rubutun gefe ta fuska uku ce, kuma a nan nake so ka tsaya. Na farko, hannun da ya rubuta shi na zamanin harshen ne, ba kwafin kwafi na bayan shekara 400 ba. Na biyu, da Ailanawa suka daina zuwa, babu sauran mai jin harshen a waɗannan gidaje. Sufi Bajamushe ko Ba'italiye yana karanta Latin ɗinsa ya tsallake ƙananan haruffan da bai gane ba, bai gyara ba, bai sabunta ba. Rashin mai karantawa shi ya tsare su. Na uku, kowace hashiya tana manne da kalmar Latin da take fassarawa, kuma Latin sananne ne. Idan aikatau na Latin na jam'i ne kuma shuɗaɗɗe, ka san abin da na Ailanci da ke samansa yake ƙoƙarin faɗa. Wato ɗaliban nan sun bar wa na baya ƙamus mai harshe biyu ba tare da sun yi niyya ba.

Zeuss ya kwashe dubban waɗannan gutsattsari, ya ware kowace siffa, ya jera su aji-aji, har tsarin suna da na aikatau ya fito. Haka ya yi da tsofaffin rubuce-rubucen Wels da Kornish da Bireton, da sunayen Gol, wato Faransa ta dā, da marubutan Rum suka ajiye, sannan ya gwada su da juna sauti bayan sauti. Grammatica Celtica ya fito a Leipzig a 1853, da Latin, juzu'i biyu, sama da shafi 1,000. Bayan shekara uku ya rasu a ƙauyen da aka haife shi, yana da shekara 50. Daga wannan littafi ne aka samu ma'aunin da O'Curry ya rasa. Yanzu ana iya ɗaukar labari a kundin ƙarni na 12 a ce wannan jimla harshenta irin na Würzburg ne, don haka tsohuwa ce, waccan kuma ƙarin mai kwafa ce. Shi O'Donovan bai yi ƙyashi ba, ya yaba wa aikin a rubuce.

Ba ƙa'idojin nahawu kaɗai ke gefen waɗannan shafuka ba. A littafin St Gallen wani mai kwafa ya yi ƙorafin cewa fatar sabuwa ce kuma tawadar ba ta da kyau. Wani ya rubuta baiti huɗu yana cewa iska ta yi ƙarfi a daren nan, tana tayar da farin gashin teku, don haka ba ya tsoron mayaƙan arewa su ƙetaro. Ranar da na fara warware waɗannan layuka da ƙamus, na daɗe ban juya shafi ba. Mutum ne zaune da alƙalami a bakin teku, yana kwafar nahawun wani harshe, yana gode wa guguwa domin ta ba shi kwana ɗaya na aminci.

Waɗanda suka ɗora

Zeuss bai gama komai ba. Hermann Ebel ya sake tace littafin ya fitar a 1871. Abin da ya fi ba da wuya shi ne aikatau, wanda ke da fuska biyu. "Yana bayarwa" do-beir ne, "ba ya bayarwa" kuma ní tabair. "Yana faɗa" as-beir, "ba ya faɗa" ní epir. "Yana musu" do-sluindi, korewarsa ní díltai. Mai koyo zai rantse kalmomi ne dabam-dabam. A 1884 Heinrich Zimmer da Rudolf Thurneysen, kowanne a nasa ɓangaren, suka nuna cewa nauyin furuci ne ke ƙaura. Idan aikatau yana tsaye shi kaɗai nauyin yana kan gaɓa ta biyu, idan kalmar korewa ta shiga gabansa sai nauyin ya dawo gaɓar farko, gaɓoɓin baya su lotse. Thurneysen, ɗan Basel, shi ya rubuta nahawun Tsohon Ailanci na 1909, wanda fassararsa ta Turanci ta 1946 har yau ita ake koyarwa da ita, kuma da ita aka koyar da ni.

Daga nan fannin ya zama na ƙasashe da yawa. Whitley Stokes ɗan Dablin ne, lauya, ya yi shekara 20 a Indiya yana tsara dokoki, yana aikin Ailanci a lokacin hutunsa. Shi da John Strachan suka tattara hashiyoyin a Thesaurus Palaeohibernicus tsakanin 1901 da 1903. Ba'italiye Ascoli ya buga na Milan. An fara mujallar Revue Celtique a Faris a 1870, aka kafa kujerar farfesan harsunan Keltik a Oxford a 1877 aka ba John Rhys ɗan Wels. Kuno Meyer na Hamburg ya buɗe makarantar koyon wannan ilimi a Dablin a 1903, inda 'yan ƙasa suka karɓi hanyar suka ci gaba da ita. Babban ƙamus na tsohon harshen ya fara fitowa a 1913, bai kammala ba sai 1976.

Inda aikin ya gaza

Hashiya harshen aji ce. Za ka sami kalmomin zunubi da alheri da jinsi da harafi birjik, amma na kiwo da kamun kifi da raino kaɗan ne. Kuma tsarinta ya yi daidaito ƙwarai, kusan babu karin harshe a ciki, alamar cewa harshen masu ilimi ne, ba lallai yadda talaka ke magana ba. Dokoki da tatsuniyoyin jarumai suna Ailan, a kundayen baya, kuma ba da taimakon masu irin ilimin O'Curry ba da ba a shiga cikinsu ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma abin da ke damuna a tarihin nan. A shekarun da Zeuss ke kwafar hashiya, yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya a Ailan, ta kori wasu fiye da haka, kuma yankunan masu jin Ailanci ta fi ci. Ƙidayar 1851 ta sami masu jin harshen wajen miliyan ɗaya da rabi, adadin ya yi ta raguwa. Jami'o'in Turai suna girmama harshen ƙarni na 8, iyaye a Ailan suna hana 'ya'yansu na ƙarni na 19 don su sami abin yi a Amurka. Sai wajen ƙarshen ƙarnin masana irin su Holger Pedersen ɗan Denmak suka je tsibiran Aran suka zauna da masu magana, bayan an kafa ƙungiyar farfaɗo da harshen a 1893. Kornish tuni ya yi shiru tun ƙarshen ƙarni na 18, kuma na ƙarshe da ya tashi da Manks a bakinsa, Ned Maddrell, ya rasu a 1974. Ba laifin Zeuss ba ne, amma a ganina fannin ya makara wajen juyowa ga rayayyu.

Tunda kai a nan kake karatu, ka sani muna da irin wannan rumbu. A ƙarshen shekarun 1950 A. D. H. Bivar ya ci karo da tsofaffin kwafin Alƙur'ani na Barno, ɗaya mai kwanan wata na 1669, da fassarar kalmomi a tsakanin layuka da wani tsohon nau'in Kanembu wanda ya bambanta da Barbarcin yau. Yanayin ɗaya ne da na Würzburg: matani mai tsarki da ba a taɓawa, harshen gida a maƙale da shi kalma bayan kalma, ma'ana a tabbace saboda Larabcin sananne ne. Littattafan fiƙihu da lugga da ke gidajen malamanmu ma cike suke da irin wannan ajami na Hausa da Fulatanci. Sau da yawa ɗalibi yakan kawo mini hoton shafi ya yanke gefe don matani ya fito sosai, sai in mayar da shi ya sake ɗauka. Idan ka je aikin fili, ka ɗauki shafin gaba ɗaya har bakin takarda, ka ɗauki shafin ƙarshe inda mai kwafa kan sa sunansa da shekara, ka lura ko tawadar hashiya ɗaya ce da ta matani, ka tambayi mai littafin daga hannun wa ya gada kuma a wane gari aka karantar da shi.

Shi kuwa littafin Priscian na St Gallen, lambarsa 904 a ɗakin karatun, an ɗauki hotonsa duka an sa a intanet kyauta. Ka buɗe shi ka ƙara girman kowane shafi. Manyan baƙaƙen haruffan Latin ne, ƙananan da ke rataye a samansu da waɗanda suka gangara gefe su ne abin da Zeuss ya je ya kwafa.